Ranar da Na Gyara wa Likita Aikinsa

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na so ƙasa ta tsage in shige ba, a gaban surukata kuwa. Ni kafinta ne a Damagaram, shekara ashirin da ƴan kai ina sana'ar, kuma ina da wata cuta: idona ba ya iya ganin abu a karkace ya kawar da kai. Ko gidan suna na je na tarar benci na rawa, sai in fara laluben ƙusa a aljihu.

Surukar tawa, Hajiya, mutuniyar Gidimuni ce, tana da lambu a bakin tafki. Gwiwarta ta dama ta cinye, har daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda. Wani likitan ƙashi da ke zuwa daga Yamai wata huɗu-huɗu ya ce za a sa mata gwiwar ƙarfe. Aka ɗauki hoton ƙafar a sikana, aka aika waje a ƙero wani abu daidai da ita. Yawancin bayanin da faransanci ya yi wa matata Rabi, ni kuwa na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, don kada a ce mijin Rabi bai yi lakkol, wato boko, ba (ban yi ɗin ba). Abin da na riƙe ɗaya ne: in ba a yi aikin a wannan zuwan ba, Hajiya za ta sake rasa noman rani, karo na uku.

Ranar Asabar kwalin ya iso a motar Yamai. Ni na karɓo a tasha, aka ce in ajiye zuwa Litinin, a can kilinik za su tsabtace shi kafin aiki. Ajiyewa kawai aka ce. Amma hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, bayan la'asar na buɗe.

Wasu robobi biyu farare na gani, kowace ba ta cika tafin hannu ba, da ƴan ramuka da tsaga. Cikinsu kuwa duk tudu da kwari, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Raina ya ɓaci. Na ce wato sun ga tsohuwar ƙauye ce, shi ne suka yi mata aikin sha-yanzu, wannan abu mai kaushi za a cusa a ƙafar uwar matata? Na ɗauko magagari. Rabi ta leƙo ta tambaye ni ko an ce in taɓa, na ce ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Kafin magariba robobin sun yi sumul, kuma wallahi na ji daɗin aikina.

Ranar Litinin muna ɗakin da aka kwantar da Hajiya, likita ya buɗe kwalin. Ya juya robar, ya sake juyawa, ya ɗaga ta wajen taga. Ni a zatona mamakin kyanta yake. Na gyara hula na ce, "Likita, ai na ɗan gyara muku. Sun aiko shi duk a karkace."

Ya juyo wajena. Sannan da Hausa tsantsa, yadda kowa zai ji, ya ce wannan ba ita ce gwiwar ba. Ma'auni ne da ake ɗorawa a kan ƙashi lokacin aiki, zarto ya bi ta tsagar. Tudu da kwarin nan an zana su ne daidai da ƙashin Hajiya, don abin ya zauna wuri ɗaya tak. Ya zaro samfurin ƙashin nata daga jakarsa, ya ɗora robar. Ta yi ta lilo.

"Malam, ba ka da ma'aunin da kake ɗorawa in za ka yanka ƙafar kujera?"

Na ce ina da shi.

"In wani ya fere maka shi fa?"

"Sai in kore shi daga shago," na faɗa tun kafin in yi tunani.

Majo, babbar mai jinyar, ta fita da sauri tana toshe baki. Likita ya ce sabo sai an yi makonni, shi kuma jibi zai tafi. Hajiya ta dubi ƙafarta, a hankali ta ce, "To, lambun sai baɗi." Wannan maganar ta fi mari zafi, na ji hawaye na neman tona mini asiri.

Allah ya rufa asiri, likita ya ce zai yi da kayan aikin da aka saba, ya auna da hannunsa, sai dai zai ɗauki lokaci. Washegari aka yi, aka dace. Bana da ƙafarta ta shiga lambu.

Ranar da za ta koma gida na tsuguna ina gaishe ta, kaina a ƙasa. Ba ta dube ni ba, Rabi ta yi wa magana: "Ke, ki ɓoye haƙoran robata kafin mijinki ya gan su, don su ma ba a jere suke ba."

Tun daga nan, in na ga abu a karkace, sai in fara tambayar wa aka yi wa shi.