Takardar Ruwan Unguwar Ƙirya

Allah ya jiƙan Cindo! A Unguwar Ƙirya muka tashi muka same shi, ƙato mai shekara arba'in, daga shi sai tsohuwarsa Inna Dudu da wani keke mai kukan ƙarfe. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. A zamanin nan tafki ɗaya muke sha da shanu, duk damina sai gudawa ta kwashe mana yara.

Wata rana aka ji wata ƙungiya za ta haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyuka goma, amma sai an tura buƙata ta imel. Malam Hashimu hedimasta ya zauna ya zuba Turanci har shafi arba'in. Aka ba Cindo ya kai birni, tunda shi ke da keke. Sagir mai kafen intanet ya ɗauki hoton shafukan a na'ura, ya tura, saƙo ya ƙi tafiya.

"Takardar ta yi girma, Cindo. Je ka rage ta."

Gogan naka ya zarce wurin tela, ya ari almakashi, ya bi gefen kowane shafi ya datse. Har sa hannun mai gari ya tafi a ƙasan teburin tela.

Wata rana, bayan hedimasta ya sake rubutawa yana huci, ya damƙa masa ya ce, "Ka rage ta, amma ko harafi ɗaya ya ɓata, ni da kai ne." Cindo ya ce to. Ya tsaya kan mai fotokofi, a ƙanƙance, a sake ƙanƙancewa, har shafi arba'in suka dawo biyu. Wallahi harafi bai ɓata ba, sai dai rubutun ya koma kamar ƙwan kiyashi. Saƙo ya tafi sumul, Cindo ya dawo yana buga ƙararrawar keke tun daga bakin gari. Kwana biyu amsa ta zo: ba su iya karanta komai ba, kuma ranar Juma'a za su rufe karɓa. Ranar kam mun ji haushinsa, har da masu zagi.

Wata rana, Alhamis ce, jajibirin rufewa, Cindo ya koma kafe, Sagir ya gaji ya ce, "Bawan Allah, abin da kowa zai iya karantawa za ka kawo mini. Sauran ka bar su a gida."

Kowa? To ai Inna Dudu ma kowa ce. Cindo ya baje mata shafukan a tabarma, ita da ko alif ba ta sani ba. Yana miƙa mata tana cewa, "Ni ban ga komai ba, ɗan nan." Sai a shafi na talatin da takwas, inda hedimasta ya liƙa wani hoto da sunan gari a ƙasa, ta dafe ƙirji.

"Kai! Wannan ai tafkinmu ne. Ga Ladi tana cika tulu, ga saniya tana fitsari a bayanta."

Shafin nan kaɗai Cindo ya kai, shi kaɗai aka tura. Da hedimasta ya ji an bar Turancinsa a tabarma, sai da ya yi kwana uku bai fito masallaci ba. Mu kuwa muka ce shi ke nan, wawa ya kashe mu.

Bayan sati uku sai ga babbar mota da bututu. Matar da ta jagorance su ta ce buƙatu sun fi ɗari biyu, wasu sun ƙi buɗuwa, wasu tsawonsu ya gundure su. Tamu ce kawai suka gane da kallo ɗaya. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo, hedimasta da kansa ya cika moda ya miƙa wa Cindo.

Ina kewar mutumin nan. Yau shekara goma sha biyu da rasuwarsa, yaran da ba su taɓa ganinsa ba in sun ɗauki bokiti sai su ce, "Mun tafi Cindo ɗebo ruwa."