Yadda Na Zama Marigayi

'Yata Hauwa ta ce bikin ranar haihuwarta irin na Misirawan zamanin Fir'auna take so. Ni kuwa sarkin dabara, na sayo farin yadi a kasuwar Sabon Gari, na sa matata ta nannaɗe ni kamar gawar Fir'auna.

"Baban Hauwa, anya kuwa?" in ji ta. Na ce mata ba ta san tarihi ba.

Ina fitowa tsakar gida yara suka watse da ihu, kek ya kife. Surukata ta yanke jiki ta faɗi tana salati. Maƙwabta suka rugo, suka tarar da gawa tana ba da haƙuri. Hauwa ta wuni tana kuka.

Har yau in na gifta a Samaru, sai masu shayi su ce, "Marigayi, ya kwanan kabari?"