Azahar a Granada

Shekara tara ina tuƙa kafilina, wato maigidana, a Riyad, don haka da muka je hutu Granada ta ƙasar Sifen na ɗauka ba birnin da zai ruɗe ni.

Ƙarfe biyu takalmin matarsa ya tsinke, ya aike ni in sayo wani. Na tarar da shaguna a rufe, irin yadda na saba gani lokacin salla. Na kira shi cike da murna: "Ya Shaikh, sun tafi Azahar, yanzu za su buɗe." Na zauna ina sa musu albarka. Sai ƙarfe biyar mai shagon ya iso yana hamma. Ashe barcin rana ne al'adarsu.

Yanzu ko gyangyaɗi na yi a ɗakinmu na unguwar Suwaidi a Riyad, sai abokaina su ce, "Ku yi shiru, Malam yana sallar Sifen."