Ranar Da Na Yi Wa Giya Kirari

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin da ya tarye mu a bakin ƙofa ranar nan ba. Ƙamshin tsiron hatsi ne ana dafa shi, mai ɗumi, mai ɗan zaƙi, irin wanda ke tashi a tsakar gidan kakata a Kano idan ta ɗora tukunyar kunun zaƙi. Tun da na sauka a unguwar Port Richmond, can ƙasar Turawa, wajen ƙanwar mahaifiyata, Anti Rabi, nake shaƙar sa duk lokacin da za mu masallaci, in lumshe ido in ga kaina a gida. Har baitoci na rubuta masa (Allah Ya taimake ni na yaga su). Sai da na yi watanni kafin na ce wa Anti ina son sanin baiwar Allahn da ke dama kunu a unguwar nan. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce giya ce ake dafawa a bayan bangon masallacinmu.

Masallacin namu ɗaki ne guda mai faɗi a gaban wani tsohon sito, an shimfiɗa masa koren kafet, labule ya raba maza da mata. Ba shi da hasumiya, na'urar ɗumama ɗakin ma sai an lallaɓa ta. Amma a nan ake raɗa wa jarirai suna, a nan ake sallar gawa. 'Yan Kano da 'yan Maraɗi da mutanen Zangon Kumasi duk sahu ɗaya. Asabar da Lahadi yara su cika shi, malami na yi musu Hausa suna mayar masa da Turanci. Tsofaffin mata kuwa da ƙafa suke takowa, don yawancinsu a layukan da ke kewaye suke.

Sauran siton na wani ƙaramin kamfanin giya ne, irin masu dafa tasu da kansu su zuba a gwangwani mai zanen furanni. An ce da suka zo ko allon suna ba su da shi. Kafin shekarar da nake ba da labari, motocin ɗaukar kaya sun fara toshe mana hanya ranar Juma'a. Sai labari ya zo cewa wuri ya yi musu kaɗan, suna neman ginin gaba ɗaya, har da ɗakinmu, ga yarjejeniyar hayarmu ta kusa ƙarewa. Mai ginin, wani dattijon Bature, ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya zauna da mu duka.

Shugaban jama'armu Alhaji Idi ne, mutumin Maraɗi, mai shagon kayan abinci a bakin titi. Ban taɓa jin Turanci a bakinsa ba sai na gaisuwa da faɗin farashi, kuma duk wani zama na hukuma da tafinta yake zuwa. A wannan karon ni ya zaɓa, saboda ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kullum ana ganina da jaka ina sauri in tarar da jirgin ruwan Manhattan. Ya kira ni shagonsa, ya ba ni dabino, ya ce:

"Ɗiyata, ki bincika mini mutanen ga. Wutar kara ce, ko garwashin ƙirya?"

A nan ya kamata in gaya muku wani hali nawa. Ni duk abin da na zauna na karanta da kyau, sai na kamu da son sa. Na taɓa yin kuka a aji saboda tarihin wani kamfanin takalmi da ya rushe. To haka na zauna ina bin labarin maƙwabtan namu a jaridu da hirarrakin da aka yi da su. Abokai biyu ne suka fara da tukunya ɗaya a kicin. Da farko a bakin ƙofarsu suke sayarwa ƙarshen mako, sai gidajen cin abinci suka fara nema, sai manyan kantuna, sai jihohin da ke maƙwabtaka. Ribar da suka samu ba su ci ba, tankuna suka ƙara saya da ita. Suna da wata giya da suke sa wa zoɓo, wadda ba ta kwana a kanti. Na zana cinikinsu shekara bayan shekara a kwamfuta, layin ya miƙe sama, na zauna ina kallon sa kamar jinjirin wata. Ban taɓa ɗanɗana kayansu ba, Allah Ya kiyaye, amma na san su fiye da yadda na san darussana.

Abin da ya dace shi ne in koma wajen Alhaji in ce, Baba, garwashin ƙirya ne, mu nemi wata hujjar. Kunya ta hana ni kai masa labarin da ba zai so ba. Da ya tambaye ni, sai na ce na shirya. Ya sa mini albarka.

An yi zaman da la'asar a wani ɗan ofis da ke saman siton. Mai ginin yana zaune da na'urar ji a kunne. Ga ɗaya daga cikin masu kamfanin, mace ce mai fara'a, da takalmin roba har gwiwa, ta baro aiki ke nan. Alhaji ya sa babbar riga a ƙarƙashin kwat. Anti Rabi, wadda nas ce, ta biyo mu da kayan aikinta don kada a ce budurwa ta je ita kaɗai. Ofishin ƙarami ne, gwiwa na gugar gwiwa.

Alhaji ya fara magana a hankali, yana kallon mai ginin ido cikin ido. Ya tuna masa shekarar da rufin ya yi yoyo, samarinmu suka hau suka gyara ba su nemi komai ba. Ya faɗi yaran da aka raɗa wa suna a ɗakin nan, yanzu wasu suna jami'a. Ya ambaci Hajiya Tabawa, tsohuwar da ke takowa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, wadda ta ce ba ta da sauran wurin zuwa a duniya sai asibiti da wannan ɗaki. Ya rufe da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sannan ya juyo gare ni.

Ni kuma sai na ji nauyin maganar a bakina. Na ga kamar idan na kawo zuma da sandar Hajiya cikin Turanci, za su yi mana kallon ƙauyawa. Sai na ce wa Baturen, Alhaji ya ce mun daɗe a nan, ba mu taɓa saɓa alkawari ba, kuma muna son mu ci gaba da zama. Shi ke nan. Maganar da dattijo ya ɗauki lokaci yana ginawa, na naɗe ta a numfashi ɗaya. Alhaji ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Mai ginin ya gyara na'urar kunnensa. Ya ce shi tsoho ne, abin da yake tsoro kawai kada ya kori mutanen da ya sani saboda yaran da gobe za su rufe. Sai ya nuna ni da biro.

"An ce ke wannan kike karantawa. Ki gaya mini tsakani da Allah, za su ɗore?"

Jama'a, na yi shekaru ina zama a aji, idan malami ya yi tambayar da na san amsarta hannuna da kansa yake tashi. Ban tuna wanda ya kawo ni ba. Na buɗe kwamfuta, na juya ta wajensa.

Na nuna masa layin. Na bayyana yadda cinikinsu ke ninkuwa, da yadda masu saye ke dawowa, da dalilin da ya sa ba irin kamfanonin da ke tashi da safe su faɗi da yamma ba ne. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma waƙar da na hana Alhaji, sai ga ta tana zubowa daga bakina. Na ce sun tsiro kamar rama bayan ruwan farko. Na ce mutane ne da suka san haƙurin tukunya. Na ce duk gwangwaninsu ɗaya wasiƙa ce daga unguwar nan zuwa sauran birni (ni ce na faɗi wannan, da hijabina, a gaban shugaban masallacinmu). Ina jin wani abu yana danna mini ƙafa, na ɗauka ƙuncin ofishin ne, har na ɗan janye ta don in ba Anti wuri.

Da na yi shiru, matar kamfanin ta dafa ƙirji. Idonta ya kawo ruwa.

"Ko mu ba mu taɓa bayyana kanmu haka ba," in ji ta. "Don Allah za ki turo mini wannan? Ya kamata bankinmu ya gani."

A lokacin ne na dawo cikin ɗakin. Na ga mai ginin yana rubutu. Na ga fuskar Anti, wadda ban taɓa ganin irinta ba. Alhaji kuwa murmushi yake yi.

"Madalla, ɗiyata. Kin gaya musu?"

Na ce, "Na gaya musu, Baba." Muryata kamar ta wata.

Da muka rabu da Alhaji a bakin shago, ni da Anti muka nufi gida. Sai a kan matakala ta tsaya ta ce, sannu maroƙiyar giya, kalangu kawai ya rage a saya miki. Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ba wanda zai ji wannan magana daga bakinta, kuma ba don ni ba, don yayarta da ke Kano tana alfahari da ni.

Ranar Juma'a Alhaji ya tashi bayan salla ya ce an je, an kai kuka, yarinyar nan ta yi iyakar ƙoƙarinta, saura na Allah ne. Mata suka kewaye ni a bayan labule suna shafa kaina, wannan ta ce Allah Ya ƙara ilimi, waccan ta ce Allah Ya ba da miji nagari. Hajiya Tabawa ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Ba mu samu ɗakin ba. Ina cikin waɗanda suka naɗe kafet ɗin. Sabon wurin da aka samu a ƙarƙashin wani gini yake, can nesa, sai an hau bas, ga matakala mai tsayi. Hajiya Tabawa ta zo sau ɗaya, samari suka sauko da ita a kan kujera, daga nan ta ce a bar ta ta yi sallarta a gida. Wata rana na bi ta tsohon layin, na leƙa ta gilashi. Inda sahun mata yake an jera dogayen kujeru, mutane na ta dariya.

Anti takan ce in daina ɗora wa kaina laifi, ko da na yi shiru kuɗi ne zai yi magana. Wataƙila haka ne. Ba gaskiyar da na faɗa game da su ke damuna ba, maganar Alhaji da na gutsure ita ce take hana ni sakewa. Abin da na koya dai shi ne, ba kowace tambaya ce jarrabawa ba, kuma wanda aka ɗauka ya riƙe wa mutum baki, to ya ajiye nasa a gida. Yanzu idan na san amsa, sai na fara duba wanda ke zaune kusa da ni.

Bayan shekaru, Alhaji Idi ya koma Maraɗi, a can ya rasu. Na je yi wa 'yarsa ta'aziyya a unguwar Highbridge, muna hirar halayensa, na ce Allah sarki, mutum ya yi rabin rayuwarsa a ƙasar nan bai yarda da Turanci ba. Ta dube ni da mamaki. Ta ce ai Baba kafin ya buɗe shago tafinta ne a wani asibiti a Bronx, shekara da shekaru yana juya Hausa da Faransanci zuwa Turanci. Yana zuwa zama da tafinta ne kawai don ya ce babba ba ya roƙo da bakinsa, kuma yara ba za su koya ba sai an tsayar da su a gaba.