Injiniya da Motar da Ba Ta Tari

"Ni da mota," in ji Injiniya, "ko ta waya aka kara mini kukanta, zan faɗa maka abin da ke damunta, in faɗa maka shekarar da aka ƙera ta."

Abokina, kada sunan ya ruɗe ka. Shi ya raɗa wa kansa, saboda ya taɓa mallakar wata tsohuwar mota wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, an tura ta, an yi mata addu'a. Motar ta daɗe da komawa wurin kwanan kaji, amma ilimin da ta bar masa yana nan yana cin mutane.

To, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta sayo sabuwar mota irin ta zamani, mai haɗa fetur da batir. A makon ne mahaifinta ya zo musu kwana biyu. Dattijon yana da motocin ɗaukar kaya, yana neman wanda zai riƙa kula masa da su, Injiniya kuwa ya ƙwallafa rai a kan aikin har ya fara gwada tafiyar manaja a tsakar gida. Dattijo ya ce masa, "Gobe da safe ka kai ni tashar jirgin ƙasa. In mun isa a kan lokaci, sai mu yi maganar."

Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Dattijo ya fito yana atishawa, yana cigiyar bargon da ya ɓace daga gadonsa. Can ya hango shi a ƙofar gida, an lulluɓe gaban mota da shi, har an soke gefe da gefe kamar an kwantar da jariri.

"Baba, kai kana iya cewa kana jin sanyi," in ji Injiniya. "Ita kuwa ba ta da baki."

Dattijo ya shiga kujerar baya ya ɗora jakarsa a cinya.

Matar ta leƙo. "Baban yara, mai sayarwa ya ce irin wannan ba a jiran ta ɗumama. Ka danna, ka tafi a hankali, tafiyar ce ke ɗumama ta."

"Mai sayarwa sayarwa ya iya. Koma ciki, maganar inji ce."

Gwanin namu ya zauna, ya taka abin da ƙafarsa ta samu, ya danna madannin tayar da mota. Fitilu suka kama a gabansa. Ya kasa kunne yana jiran tari da kakari da girgiza. Shiru. Motar ta riga ta tashi, tana jiransa ne kawai, amma a makarantar da Injiniya ya yi, motar da ba ta yi tari ba gawa ce.

"Na faɗa," ya ce. "Ta daskare."

Ya ruga kicin ya kwaso ruwan zafin da aka dafa wa dattijo na shayi, ya haɗa da na wankan yara. Ya jera buta da tukwane a ƙarƙashin mota, wai tururi ya shiga cikinta. Ya durƙusa yana fifita tururin da murfin tukunya, yana ce mata, "Shaƙa, 'yar albarka, shaƙa."

"Ɗana," in ji dattijo ta taga, "jirgin ba ya jin sanyi, ka sani."

"Yanzun nan, Baba. Saura turi."

Ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta. Tela ya fito da zare a baki, mai aski ya fito da tawul a wuya. Ya tsayar da su a bayan mota, ya koma mazauninsa, ya sa giya. Sai ya laluba da ƙafar hagu yana neman kuloci, kamar yadda ya saba a marigayiyar motarsa. Wannan ba ta da kuloci. Abin da ƙafar ta samu faffaɗan birki ne, ya kuwa danne shi har ƙasa.

"Ku tura."

Suka tura. Mota ko gezau.

"Haba, maza biyu? Ku sa kafaɗa."

Suka sa kafaɗa, suka sa baya, mai aski har da goshi. Takalmin tela ya tsinke. Cikin sanyin nan gumi ya wanke su, tururi na tashi daga kansu fiye da na tukwane.

"Injiniya," in ji mai aski yana haki, "motarka dai ban sani ba, amma mu mun ɗumama."

"Raggwaye. Ku riƙe da kyau, zan saki kuloci."

Ya ɗage ƙafar hagu, ya take totur da ta dama. Mota ta yi kukan zaki ta zabura. Tela da mai aski suka rungumi iska, suka kifa a ƙasa ɗaya a kan ɗaya. Tayar baya ta bi ta kan buta ta mayar da ita faranti, tukwane suka watse kan titi suna ƙara, kowace da inda ta nufa.

"Ta tashi!" in ji Injiniya. "Bari in sa mata giya ta biyu."

Ya sake danne kulocinsa. Mota ta ƙame nan take. Hular dattijo ta tashi daga kujerar baya ta sauka kan sitiyari, jakarsa ta biyo bayanta, dattijon kansa ya zo ya gaisa da bayan kujera. Da motar ta ga an tsaya, sai ta kashe injinta ta koma kan batir, shiru kamar ba ita ba.

Injiniya ya girgiza kai cikin tausayi. "Ta sake mutuwa. A koma a tura."

Ƙofarsa ta buɗe. Matarsa ce, da mayafi a kafaɗa, fuska ba wasa.

"Baban yara, sauko."

"Ai gawa ce, ba za ki..."

"Sauko."

Ya sauko. Ta shiga mazaunin direba, ta miƙa wa mahaifinta hularsa, ta gyara madubi, ta ɗaga ƙafa daga birki, sai ga gawa ta kama hanya sumul ba ko tari. Injiniya ya bi gefenta da sassarfa, yana riƙe da taga.

"Baba, maganar motocin fa?"

Dattijo ya daidaita hularsa, ya shafa goshinsa, ya dube shi.

"Akwai gurbi, ɗana. Masu turi ne ba ni da su. Ka zo da wuri, amma wurinka baya ne, ban yarda ƙafarka ta kusanci birki ba."