Ranar da Murhun Duba-Gari Ya Cinye Jinka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutanen unguwarmu a Azare don in koya musu hura wuta. Lokacin ina duba-gari, ban daɗe da dawowa daga kwas a Kano ba, ga gajeren wandon kaki, ga hular kwano, kaina kuwa ya fi hular girma.

A can ne aka nuna mana wani murhun laka mai bututu, wanda hayaƙi ke bi ya fice ta sama. Ina dawowa na ga murhun maiɗakina Hansatu, duwatsu uku a ƙasa, na ji kamar an zage ni. Na sa maƙeri ya naɗe mini garwar kananzir ta zama bututu, na kwaɓa laka na gina murhuna a madafa, na huda jinka na zura bututun. (An gaya mana a ware gwangwanin daga ciyawa, a dafe shi da laka mai kauri. Ina jin ranar gyangyaɗi nake yi.)

Hansatu ta leƙo ta ce, "Malam, ni dai a bar mini duwatsuna a tsakar gida."

Na ce, "Duhun kai ke nan."

Ko gwada shi ban yi ba, na gayyato Mai Unguwa da dattawa da tsofaffin mata. Na tsaya gabansu na yi jawabi kan illar hayaƙi, har ina nuna Iya Dije mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ina cewa dubi yadda ya mayar mata da ido jawur. Sannan na cusa itace har baki, don a ga aiki.

Wuta ta kama, hayaƙi ya miƙe ta bututu. Mai Unguwa ya ce, "Ikon Allah!" Ni kuwa sai ƙara itace nake, ina ƙara bayani. Ina cikin cewa daga yau an yi sallama da gobara, Iya Dije ta ɗaga kai ta ce, "Malam Duba-Gari, shi ma rufin da shi ake girkin?"

Na duba sama. Gwangwani ya yi jawur, jinka ta kama, ga rumbun geronmu dab da madafar.

Na ƙwalla ihu, "Ruwa! A kawo ruwa!"

Ba wanda ya motsa. Iya Dije ta ce, "Wane ruwa, ɗan nan? Ba kai ka bi gida-gida da safe ka tuntsurar da randunanmu ba, wai akwai 'ya'yan sauro?"

Wallahi ni ne.

Da ƙasa aka kashe wutar. Samari suka sa gora suka ture jinkar gefe, aka yi ta watsa mata rairayi. Hular kwanon nan da ko Hansatu ba ta isa ta taɓa ba, da ita na riƙa kwasar ƙasa ina gudu, fuska duk toka, girata ɗaya ta babbake. Rumbu ya tsira, madafa ta koma kango. Da zai tafi, Mai Unguwa ya kaɗe rigarsa ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Yanzu kam hayaƙi ba abin da zai tare shi."

Tuwon ranar a kan duwatsu uku Hansatu ta tuƙa shi. Duk sanda ta kalli girata sai ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na daɗe in na yi sallama a ƙofar gida zan duba tsafta, sai in ji an ce daga ciki, "A kashe wuta, ga Malam nan!"

Daga baya na sake gina murhun, na dafe bututun da laka, na nisanta shi da ciyawa, ina kakkaɓe masa kunkunniya, ya kuwa yi aiki. Amma tun daga ranar, duk wata sabuwar dabara da ta zo mini, sai na rufe ƙofa na gwada ta ni kaɗai, da tulu cike a gefena, kafin in aika a kira Mai Unguwa.