Rasuwar Kwamfutar da Ba Ta da Ƙugiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ita marigayiyar "bakin ciki" za ta rubuta, ni ɗalibar adabi 'yar ajin ƙarshe nake sanar da rasuwar kwamfutata. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, bayan gajeriyar jinya ta ruwan shayi.

Marigayiya ta zo hannuna da tsufanta, bayan Yaya ya gama morarta ya ce ta dace da irin karatuna. Batirinta ya riga ta tafiya, sai an jona ta da bango take numfashi. In aka kunna ta sai ta yi "fuuuu" kamar mai hawa bene da kaya, sannan ta buɗe ido. Duk da haka ita kaɗai ce a gidanmu ba ta taɓa tambayata ko rubuta ƙarya ma sana'a ce ba. Baba kan tambaya duk lokacin da ya ga kuɗin wuta.

Malaminmu ya ce manyan littattafan da muke karantawa, daga gidajensu marubutan suka kwaso mutanen ciki. Sai na ɗauki namu gidan na zuba a labarin kammala karatuna, wanda in ban miƙa shi ƙarshen wata ba sai na maimaita shekara. Marigayiya ta riƙe shi da amana. Ban kwafe shi ko'ina ba, don ban yi zaton za a kashe ta ba.

Aibinta ɗaya ne: ba ta da haruffa masu ƙugiya. Ita ce ta mayar da ƙurar ɗakin Yaya kura. Ita ce kuma, da na zo yabon Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, kan yawan karɓar baƙinta, ta rubuta: "Goggo mace ce mai baki, ba dare ba rana, har makwabta sun saba."

Na buga shafin a shago na manta shi a falo. Yaya ya tsinta, ya karanta da ƙarfi har sau biyu, yana riƙe ciki. Na rantse baƙi nake nufi, na nuna musu madannan ɗaya bayan ɗaya, babu mai ƙugiya. Goggo ta ce ita ba ta yi boko ba amma ta san zagi in ta ji shi, kuma 'yar da ta goya ce yau take sayar da ita a takarda. Baba ya ce in ba ta haƙuri, na durƙusa na ba ta. Washegari Goggo, wadda tunda nake ban taɓa ganin ta zubar da ko ɗigon ruwa ba, hannunta ya kuɓuce da cikakken kofin shayi daidai kan madannai. Marigayiya ta ce "tsss", ta ƙifta sau ɗaya. Goggo ta ce kash, ta koma ta haɗo wani shayin.

Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce labarin ya tafi tare da ita. Na yi kuka a shagonsa har ya ba ni kujera.

Ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin salatif, da jaka marar zif, da shafi ɗaya tak na labarina, wato wancan. Ta bar ni ina sake rubutu daga farko a waya da babban yatsa. Wayar tana da ƙugiya a kan kowane harafi da ke buƙata. Na gyara ƙurar Yaya, na gyara maƙwabta.

Za a binne marigayiya gobe a cikin kwali, ƙarƙashin gadona, bayan mai gyara ya cire abin da zai ciru. Za a karɓi gaisuwa a falo, ba za a ba da shayi ba. A wurin zan karanta sabon babi na farko da ƙarfi, kuma an tanadar wa Goggo kujerar gaba. Kalmar nan ta "baki" kuwa tana nan yadda marigayiya ta bar ta. Wannan karon ni na rubuta.